Fayil ɗin Shekarar Jinya

Tun da aka fara haɗa muryoyin mamata daga fayilolin da suka bari, shagon Ɗanlami ba ya rabo da layi. Tasalla ta miƙa masa na mahaifinta.

"Ka cire na shekarar jinya. Ba na son in sake jin nishinsa."

"Hajiya, kowane fayil yana jingine da wani. Wani abu zai bi shi."

"Kai dai cire."

Ya buga umarni layi ɗaya, na'ura ta haɗa sauran. Muryar tsohon ta fito garau, babu ko tari.

"Tasalla ce? Ba na ce kada ki ƙara taka min gida ba?"

Ta dafe teburin. A shekarar jinyar ce ya yafe mata.