Shanyar Tsakar Rana

Jami'ar kula da muhalli ta shimfiɗa hoton garin da tauraron ɗan'adam ya ɗauka a teburin shugaban masana'antar narka tagulla. Fes yake, ko ɗigon hayaƙin farar wuta babu.

"Shugaba, wata shida ke nan sama tana yabonka."

Ya miƙa mata koren shayi da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, mu ai lafiyar jama'a muka sa gaba."

Bai dai gaya mata ya gano ƙarfe ɗaya da rabi tauraron yake wucewa kullum ba. Ƙarfe sha biyu yakan kashe tanderu, ƙarfe biyu ya kunna.

"To me ya sa tsofaffin garin nan suka mai da rawar safiyarsu ta dandali tsakar rana?" in ji ta.

"Rigimar tsufa ce kawai."

Ta zaro wata jar takarda daga jaka. "A ƙofar kasuwa na ɓamɓaro wannan."

Ya san rubutun sarai. Hannun da ya koya masa rubuta sunansa ne.

"Maƙwabta, ku riƙa shanya daga sha biyu zuwa biyu, lokacin babu hayaƙi. Ɗana ne ya gaya mini, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba."