Baɗi, Inna

Yana ɗaure akwatuna a saman mota mai gadin gidansu na bakin teku a garin Matruh ya kira shi a waya.

"Ranka ya daɗe, an share gida, an shanya katifu. Hajiya ta iso lafiya."

"Wace Hajiya? Ga matata nan tana zuba kankana a buhu."

"Mahaifiyarka mana. Mai baƙar riga, mai ɗingishi da ƙafar hagu."

Igiyar ta kuɓuce masa. Duk shekara, idan zafin Alƙahira ya tsananta, tsohuwar takan riƙe ƙofar mota ta ce, "Ɗana, bana za ka kai ni in ga tekun nan?" Shi kuwa sai ya ce, "Mota ta cika, Inna. Baɗi." Ƙarya yake yi. Kunyar rigarta da maganarta ta ƙauye yake ji a gaban maƙwabtansa masu kuɗi. Da sanyin da ya wuce ya binne ta, ba ta taɓa ganin teku ba.

"Kai, ka sha wani abu ne?"

"Wallahi ga ta can a bakin ruwa tun safe, igiyar ruwa na dukanta har gwiwa, rigarta ko jiƙewa ba ta yi ba. Ta ba ni saƙo."

A kujerar baya 'ya'yansa biyu suna hura robar iyo, suna dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka yi sauri ka kawo yaran. Wai bana ita za ta kula da su a cikin ruwa."