Zaren Rikoda a Lambun Inabi

Tsohuwar ta iske mijin 'yarta a lambun inabi yana ɗaura zaren faifan rikoda daga sanda zuwa sanda, wai don korar tsuntsaye.

"Kai, ɗan banza! Muryar mijina ka shanya kamar tsumma?"

"Haba Mama, shekara talatin ba wanda ya kunna shi."

"Shi da ransa bai yarda a taɓa ba, sai kai mai hannun ɓarna? Sauke min!"

Kwana uku tana naɗe zaren, tana liƙe inda ya tsinke da jan farce, tana mita. Duk ƙauyukan gefen birnin Plovdiv ba wanda ya kai marigayin murya in ya ɗauki waƙa. Rikodarsa mai cin faifai da kaset ce, don haka ta saka sabon kaset za ta juye wa 'yarta waƙoƙin.

Ta tara 'yar da mijinta a falo, ta danna.

Ba waƙa ba ce. Mijinta ne, murya ƙasa-ƙasa, yana ba 'yan sandan ciki rahoto: "Yallaɓai, sha biyu ga Maris. Wanda zai yi magana ƙanin matata ne."

Sai ƙarar cokula, sai dariyar ƙaninta yana zolayar gwamnati a kan teburinta. A watan aka kama ƙanin nata aka tafi da shi, bai dawo ba.

'Yar ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi!" in ji tsohuwar. "Kaset nawa muke da su? Kowane gida a ƙauyen nan sai ya ji."