Lamba Goma Sha Takwas

Sau uku Acil Hamsiah, wato Gwaggo Hamsiah, tana kwance ɗaurin ganyen kwakwar nan tana sake ɗaurawa. Ɗaurin ya yi tun na farko, hannunta ne ya ƙi zama wuri ɗaya.

Tun bayan sallar asuba take durƙushe a matakalar gidanta, ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya cikin kwale-kwale. Yau ne jerin gwanon Maulidi. Jirage arba'in na matan kasuwar kan ruwa za su taso daga gaban masallaci, su bi kogin Martapura har su ratsa ƙarƙashin gadar ƙauye. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa fashi ba.

Amma bana ɗanta Jumberi ya zo daga birnin Banjarbaru, kuma ba kallo ya kawo shi ba. An kai masa labari cewa Uma, kamar yadda yake kiranta, ta daina zuwa kasuwa mai nisa, ranar Laraba kuma ta buga jirginta da turken da ke riƙe da gidan liman a kan ruwa. Jumberi ya ce hannu ne ya gaji, shekara sittin da bakwai ba wasa ba. Har ya gyara mata ɗaki a gidansa, hawa na biyu, inda ba a jin ƙarar ruwa sai ta famfo.

Sun yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya. Zai hau gada ya gani da idonsa. In ta wuce lafiya, ya bar ta da koginta. In ta gogi wani abu, komai ƙanƙantarsa, gobe jirgin ya hau tudu, ita kuma ta hau mota.

Ta bi gefen jirgin da tafin hannu daga kai zuwa gindi. Rumfar gora ta zauna daram, ƙyallaye sun ɗauru, ayaba da lemu suna gaba a jere. Ta shinshina furannin ɗaya bayan ɗaya, ta yar da waɗanda suka kwana. Da Jumberi ya kawo katin lamba, ta ce hannunta da danshi, ya ɗaura da kansa, ya kuma faɗa mata nawa aka ba ta. Goma sha takwas.

Goma sha bakwai kuwa Acil Norsehan ce, maƙwabciyarta, wadda suka shafe shekara talatin suna ƙwace wa juna masu sayen lemu. Da farko lamba shida aka ba ta, jiya ta tayar wa masu tsara bikin da hankali har sai da suka sauya mata. Kowa ya ce so take ta tare wa Hamsiah idon alƙalan adon jirage, don wata ƙatuwar ƙubba ta takarda ta ɗora wa nata jirgin.

"Hamsiah, wannan jirgi ne ko igiyar shanya?" in ji ta da ta iso. "Kamar an yi ɓarin rini."

"Ji da ƙubbarki dai. In ta faɗo miki a ka ma huta da surutu."

Hamsiah ta shafa farin garin shinkafa a fuska saboda zafin rana, ta sauko da malafarta har kan hanci, ta yi bisimilla.

Aka buga mandiri, jirage suka tashi. Mata suka ɗauki salati, ban da Norsehan. Bakinta bai rufu ba ko na taki ɗaya. Ta kira Hamsiah kunkuru. Ta ce ta matsa dama, tana shiga mata inuwa. Can kuma ta ce ta dawo hagu, ko lambun mutane za ta shiga sata. Matar liman ta yi mata magana, ta ce ranar Ma'aiki ce fa, a ji tsoron Allah. Norsehan ta ce to, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Hamsiah ta ci gaba da tuƙi. Kanta a sunkuye, leɓenta na motsi, zufa ta yi hanya a cikin garin fuskarta.

Gada ta matso. Tsakanin ginshiƙanta jirgi ɗaya kawai ke wucewa, kuma ruwan wurin da ƙarfi yake gudu. A sama, samari masu mandiri suka ƙara wuta, jama'a suka ɗauki kabbara, har muryar Norsehan ta nutse.

Filafilin Hamsiah ya tsaya a iska. Kan jirgin ya fara karkata wajen ginshiƙi.

Sai Norsehan ta miƙe tsaye cikin jirginta, ƙubbar ta tuntsura ruwa, ta shiga dukan gefen katako da filafili tana kwarara murya, "Hagu, tsohuwar kawai! Hagu, ko sai na sauko miki?"

Hamsiah ta soka filafili, ta ja sau biyu. Jirgin ya shige. Tsakaninsa da ginshiƙi bai kai tafin hannu ba.

A bakin tudu Jumberi ya sumbaci hannunta, ya ce ya gani, Uma ta fi shi gaskiya. Abin da ya dame shi kawai matar can ce mara ta-ido. Hamsiah ta ce ya ƙyale ta, halinta ne. Ya tafi neman inda ya ajiye mota.

Jiragen biyu suka rage gefe da gefe. Muryar Norsehan ta dushe, da ƙyar ta ce mandirin nan ya so ya ja musu tsiya.

Hamsiah ta miƙa hannu tana lalube, har ta kama gefen jirgin maƙwabciyarta.

"Gaya min tsakani da Allah," ta ce a hankali, "Jumberi ya yi furfura ne? A murya na ji kamar ya manyanta, kin san rabona da ganin fuskar mutum tun azumin bara."