Shekarar da Majigi Ya Zo Jega

Tun kafin a kafa sandunan ƙyallen majigi, Gudiya ta zagaye kasuwar Jega har ƙafarta ta ɗau zafi. Ta zauna, ta tashi. Ta sayi ƙosai, ta kasa ci.

A shekarar ce Turawa suka fara yawo da majigi a ƙasar nan, mota guda da inji da farin ƙyalle, kuma ba wata hira a bakin mutane sai tasa. Masu jakai sun ce ba kamar na sauron nan da ya kai raƙumi girma. Mahauta sun fi son na ɓeran da aka bi da sanduna. 'Yan mata kuwa nasu shi ne na mutumin da ya faɗa rijiya da rawaninsa. Amma Gudiya ba ɗaya daga cikin waɗannan ne ya taso ta daga ƙauyensu Karaye ba. Wani falke ne ya ce, a cikin na masu haƙar kuza a Jos, ya ga mai kama da mijinta.

Mijin nata, Labbo, ya tafi cin rani, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta sake biyowa, ba shi ba saƙonsa. Yayanta Barau ya gaji. Ya ce ta je gaban alƙali a raba auren, ga Hamidu mai albasa na Aliero yana jira cikin mutunci. Ita kuwa ta ce a bari ta ga majigin nan tukuna. In Labbo na da rai, za ta jira shi ko da furfura za ta cim mata. In ba shi ba ne, ta haƙura.

Surukinta, Baba Arzika, shi ma ya hau jaki ya biyo, ko da yake yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Aka shimfiɗa masa buzu cikin dattawa, kusa da inji. To, Gudiya da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, ina za ta tsaya inda yake zaune, ga kuma maza fal? Ta ja mayafi ta zagaya can inda ba cunkoso, wurin wasu matan aure masu jin nauyi irin nata.

Ana idar da magariba inji ya yi tari, ya kama. Ƙyalle ya haskaka, fili ya ɗauka da salati. Sauro ya fito, mata suka ja da baya. Mai rawani ya zurma rijiya, sai Gudiya ta ji kanta tana dariya, irin dariyar da ta manta tana da ita. Ta toshe baki.

Sai ga masu kuza. Rami tafkeke, mutane kamar tururuwa, kwanduna a ka. Muryar tafinta na zuwa daga nesa, iska na tsinka ta. Aka nuno su sun kewaye akushi. Ga shi nan! Dogon wuyan nan, faɗin kafaɗar nan. Ya rame, ya tara gemu, hoton sai rawa yake.

Ta zuba wa hannunsa ido. Labbo bahago ne, duk Karaye an sani. Ba irin dukan da bai sha ba yana yaro, har ɗaure masa hannun aka yi da tsumma, amma da hagu ya tashi yana noma, da hagu yake ci, ko a gaban liman ne. Mutumin cikin hoton kuwa ya miƙa dama, ya yanko lomarsa tsaf. Abin da ma ya ba ta mamaki, shi kaɗai ne mai ladabi a cikinsu, sauran dukansu da hagu suke kai loma baki. Ta ce a ranta, lallai bariki ta lalata mutane.

"Mi kig gani, ɗiyata?" in ji tsohon bayan an watse.

Ta durƙusa, kai a ƙasa. "Ban tabbata ba, Baba."

Motar ta wuce Aliero, suka bi ta. Ta wuce Maiyama, suka bi ta, har jakin tsohon ya fara ɗingishi. Kowane gari Gudiya ta bar wa dattawa wurinsu, ta nemi irin nata wurin, ta ƙagu a gama da sauro da ɓera da rijiya, tana addu'ar yau hannun ya sake. Bai sake ba.

"Ba shi ba ne, Baba. Wanga da dama shika ci."

Tsohon ya murza igiyar jaki. "To, Allah shi jiƙan Labbo. Ki tahi wurin alƙali, ɗiyata. Kin yi muna haƙuri."

Aka raba aure, ta yi idda, aka ɗaura da Hamidu. Mutum ne mai raha, iyayensa sun daɗe da rasuwa, kuma ba a yi mayen majigi irinsa a Aliero ba. Da rani ya zagayo motar ta dawo, tun la'asar ya sa aka shimfiɗa wa iyalinsa tabarma a wuri mai kyau, dab da inji.

Gudiya ta zauna da ƙyar, don ciki ya fara nauyi. Karo na farko ke nan da take kallon ƙyallen ta gaba, ba ta bayansa ba kamar bara. Ta lura rijiyar da ta sani a wannan gefe ta koma wancan. Sai masu kuza suka kewaye akushi, kowa ya sa hannun dama, in ban da dogon nan mai gemu, da ya miƙa hagu.