Naman da Aka Kai Katsina

Likita Jabiru ya yanke baƙin tabon da ke diddigen Malam Mani, ya jefa shi a kwalba mai ruwan magani, ya miƙa wa Suwaibatu, matar Manin. Ya ce ta kai babban asibiti a Katsina. Can akwai masu duba alamomin da ke cikin ƙwayoyin tsoka, su faɗi ko ciwon daji ne, in kuma shi ne, mai gudu ne ko mai rarrafe.

Suwaibatu ta riƙe kwalbar kamar an ɗora mata garwashi. Ta tambaya ko za a dawo da naman a binne. Likita ya yi dariya ya ce a'a. Sai da ta yi 'yan kwanaki a gida, a 'Yargoje, kafin ta kama hanya.

Sakamako ya iso wa Likita Jabiru a asibitinsu na Ƙanƙara da mugun labari. Dajin fata ne, kuma alamomin duk sun nuna mai gudu ne, irin wanda ke zarcewa huhu da hanta. Da wuya mai shi ya ga kakar baɗi. Likita ya yi maganar magani a Zariya, Mani ya ce an gode.

Ya koma gida ya raba wa 'ya'yansa gona, ya bi dangi yana neman gafara, ya sayi likkafani ya ajiye. In ya yi tari sai gida ya yi tsit. Suwaibatu ce ke tsaye a kansa, dahuwa da wankin ƙafa, tana ɗingishi tsakanin madafa da ɗaki. Aka ce faso ne. Da ta fara ramewa, aka ce tunanin miji ne.

Kakar da aka ce ba zai gani ba ta zo ta wuce, Mani sai ƙiba yake yi. Abokan wasansa suka ce mutuwa ta yi ɓatan kai a hanyar Faskari. Shi dai ba ya dariya, don tsoro bai sake shi ba. Likita Jabiru ma abin ya hana shi sakat. Ya laluba matsematsin Mani da hammatarsa ko zai ji ƙullutu, ya ɗauki hoton ƙirji, bai ga komai ba. Har ya fara shakkar ilimin da ya yi imani da shi.

Ana cikin haka Suwaibatu ta soma tari, ta kwanta, ba ta tashi ba. Da likkafanin Mani aka suturta ta, bayan an ƙara yadi.

Likita ya je ta'aziyya, ya sami wuri a zaure tsakanin Mani da Audi, tsohon wanzamin garin. Audi ya girgiza kai, ya ce mace mai tsoron Allah ta tafi.

"Ka san, Likita, ita ta ce naman mijinta ba ya tahiya wani gari a kwalba ya rasa kushewa. A bayan ɗakinsu ta binne shi. To tana jin kunyarka, kar a ce ba ta kai saƙo ba. Shi ne ta ce in yanko mata wani baƙin abu da ya daɗe yana damunta a diddige, tunda baƙi dai baƙi ne. Shi muka sa a kwalbar."