Kunnen da Kwamfutar Ta Saurara da Shi

Fitilar akwatin ɗaukar sautin ta kama, amma 'yar kwamfutar da ya aro ta ƙi nuna alamar ta san da shi. Ya sauya waya, ya koma ɗaya kafar, ya kashe ya kunna.

A kan tabarma, mahaifiyarsa ta riga ta fara, makirufo a gabanta. Ita kaɗai ta rage da ke iya jero gidajen ƙauyensu da ruwan madatsar Tiga ya cinye, gida bayan gida, kowanne da kirarinsa.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "da kai nake magana ko da akwatin?"

"Saura kaɗan, Inna."

Har ta gaji ta kishingiɗa, bai ɗago kai ba. Ya ce sai wani zuwan. Wani zuwan kuwa na jana'izarta ne.

Bayan an share makoki ya kai kayan wurin mai gyara a Tudun Wada.

Mai gyaran ya duba ya ce, "Baba, akwatinka lafiyarsa lau. Ba ka zaɓe shi a cikin kwamfutar ba ne, sai ta yi ta ɗauka da nata makirufon, wanda ke daf da bakinka. Ga shi ma ta ajiye."

Ya karɓi kwamfutar ya danna. Tsakin da ya yi ta yi ranar nan ya cika shagon. Can nesa, da ƙyar, ana jin tsohuwa tana kiran sunayen gidaje. Sai muryarsa ta fito tangaran.

"Ki ɗan yi shiru mana, Inna, ina aiki."

Ta kuwa yi shirun.